Shirwar da ta Faɗa Tsakar Gidan Maƙwabcina

Ni tela ne. Na fi shekara ashirin a kan keken ɗinki a unguwar Briqueterie, ina yi wa manyan riguna aiki a wuya da aljihu. Wannan aiki yana cin ido. Da na haura arba'in sai zare ya fara rabuwa biyu a gabana, kaina kuma ya riƙa sarawa tun kafin azahar. Likitan ido ya ba ni tabarau, ya ce in riƙa tashi daga kan keke ina kallon abu mai nisa. To a unguwarmu me ke da nisa? Gida ya jingina da gida, kwano ya hau kan kwano, lungu da ƙyar mutum biyu ke wucewa. Sama kaɗai ce ke nesa. Ta haka na fara kallon tsuntsaye, daga kallo kuma sha'awar ɗaukar hotonsu ta shige ni.

Kyamarar a hannun wani tsoho na saye ta, mai shagon hoto a unguwar Messa. Ba Bahaushe ba ne, da Faransanci muke magana, kowa kuma Papa yake ce masa. Tsohuwar kyamara ce mai dogon gilashi kamar taɓarya ƙarama. Duk Lahadi da yamma nakan je wurinsa da abin da na ɗauka, ya sa tabarau ya duba, ya yi tsaki.

"Ka ba rana baya," in ji shi. "In ka fuskance ta, baƙin abu kawai za ka samu. Ka fita da sassafe, lokacin haske yana da taushi, tsuntsu kuma yana neman abinci. Wannan farar rigar taka kuma ka bar ta a gida, daga nesa suke hango ka."

Wata rana ya ture min kyamarar ya ce, "Ina idon? Reshe ka ɗauka, ba tsuntsu ba. Ido za ka nema. In ido ya fito tar, an yafe maka sauran."

Shi ya koya min in ƙara saurin ƙiftawar kyamara in tsuntsu yana tashi, in manna gwiwar hannu a haƙarƙari, in riƙe numfashi kafin in danna. Ya ce kada in bi tsuntsu, in koyi inda yake sauka in riga shi zuwa, in zauna kamar dutse. Ya kuma ja min kunne a kan abu ɗaya: kada in kuskura in ɗaga wannan gilashi kusa da ginin hukuma ko inda masu kaki suke. Wannan gargaɗin na riƙe shi da kyau. Masu kaki kaɗai nake tsoro a lokacin, ban san akwai abin tsoro da ya fi kusa da ni ba.

A bayan layinmu akwai wani bene da aka fara ginawa aka tsaya a hawa na biyu. Mai shi ya san ni, na sha yi masa ɗinki, ya ce in hau duk lokacin da na so. Matakalar ba ta da abin dafawa, saman kuma siminti ne fili, sai ƙarafa da suka tsaya cirko-cirko a gefe. Ni mutum ne mai tsoron bisa. Da rarrafe nake ƙarasawa, in kwanta rub da ciki, ba na yarda in leƙa ƙasa. Amma daga nan ana ganin wani dogon mangwaro, a kansa kuma wata shirwa take kwana. Wata biyu ina bibiyarta. Na san reshen da take tsayawa ta gyara gashinta, na san takan yi shawagi sau biyu ko uku kafin ta nufi wajen masu nama.

Matata ba ta taɓa son wannan hawa ba.

"Baban yara, gidajen mutane ne fa a ƙarƙashin wurin nan," ta ce min wata safiya ina rataya jaka.

"Ni sama nake kallo."

"Kai ka san sama kake kallo. Su sun sani?"

Na yi dariya na fita.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, gari ya waye fes. Bayan sallar asuba na hau, na kwanta a inda na saba, rana tana bayana. Wajen ƙarfe bakwai shirwar ta tashi. Ta yi shawagi ɗaya, ina biye da ita a cikin gilashi, idonta ya fito min yadda bai taɓa fitowa ba. Kwatsam sai ta naɗe fikafikai ta sulalo ƙasa. Ban yi tunanin komai ba. Hannuna ya bi ta, yatsana yana kan maɓalli, kyamara tana ta ƙarar ɗauka ba tsayawa. Ta faɗa wata tsakar gida, ta suri ɗan tsako, ta yi sama.

Sai na ji ihun mace.

Da farko na ɗauka saboda ɗan tsakon ne. Na ɗago kaina daga kyamara, sai na ga wata mata a tsakar gidan, hannunta duk kumfar sabulu, ba shirwar take kallo ba. Ni take kallo. Ta dafe kanta da hannu biyu ta ruga ɗaki tana salati.

Na san gidan. Na wani mai sayar da huluna ne da ya zo daga Najeriya bai fi shekara biyu ba, iyalinsa kuma ba su daɗe da biyo shi ba. Gaisuwa kawai ke haɗa mu a masallaci. Matarsa ba ta fita, ban taɓa ganinta ba sai ranar.

Na juya kyamarar na duba abin da na ɗauka. Ga shirwa, fikafikai a buɗe, ɗan tsako a ƙafarta, ido tar. Ban taɓa ɗaukar hoto mai kyan wannan ba, kuma ban sake ba har yau. A bayanta kuwa ga matar mutane, durƙushe a gaban baho, kanta ba ɗankwali, da zane ɗaurin ƙirji. Hoton nata ya ɗan yi dishi-dishi, amma duk wanda ya san ta zai gane ta.

Na ji wani sanyi ya taso daga simintin ya ratsa ni har baya. Yatsana ya tafi kan maɓallin gogewa, sai ya tsaya. In na goge, wa zai yarda da abin da na ce na ɗauka? Za a ce na ɓoye mafi muni. In na bari kuma, ga shaida a hannuna. Ina cikin wannan sai na ji muryar namiji daga ƙasa.

"Kai! Kai na sama! Sauko!"

Maigidan ne, da singileti, ko takalmi babu. Kafin in miƙe, wani daga bakin titi, wanda bai ma san me ake ciki ba, ya ƙwala ihun ɓarawo da Faransanci: "Voleur! Voleur!"

Wanda bai zauna a garin nan ba ba zai san abin da kalmar nan take yi ba. Na taɓa ganin an kama wani a kusa da kasuwar Mokolo da wannan ihun. Na ga yadda mutanen da ba su san shi ba, ba su san me ya ɗauka ba, suka bar abin da suke yi suka zo da katako da duwatsu. Ban tsaya ganin ƙarshensa ba, amma na ga takalminsa guda a tsakiyar titi da na dawo. Wannan takalmin ne ya faɗo min a rai ina kwance a saman benen.

Na leƙa, abin da ban taɓa yi ba. 'Yan moto sun fara tsayawa suna jingine baburansu. Masu karin kumallo a wurin mai makala, wato fanke, da wake sun taso da kofuna a hannu. Wani yana cewa ƙarfen gini nake sata, wani yana cewa ai ɗan leƙen asiri ne, ga bindigarsa nan mai gilashi. Maigidan kuwa yana ta faɗa da Hausa, muryarsa tana karyewa: "Iyalina! Iyalina yake ɗauka!" Dutse na farko ya bugi ƙarfen da ke kusa da kaina ya yi ƙara.

Hanya ɗaya ce ta sauka, kuma a bakinta suke. Na yi tunanin tsalle zuwa kwanon gidan baya, na duba, na ga ba zan kai ba. Na tuna 'ya'yana suna shirin makaranta a daidai lokacin, ba su san komai ba. Na kasa haɗa addu'a ɗaya cikakkiya, sai farkonta nake ta maimaitawa.

Na ji takun mutane a matakala. Na rataya kyamarar a wuya na rungume ta, na fara saukowa da gindi, taki ɗaya bayan ɗaya. A hawa na ɗaya muka haɗu da samari uku. Ɗaya ya ci kwalata, ɗaya ya kama igiyar kyamara ya ja har ta shaƙe ni. Suka fito da ni waje. Wani ya mare ni ta baya, kunnena ya yi ɗif, tabarauna ya faɗi, na ji an taka shi. Daga nan fuskoki suka zama inuwa, ban ƙara gane kowa ba. Ina ta cewa, "Ni ne tela! Ni ne tela na bakin titi!" Wasu daga cikinsu da rigar da na ɗinka a jikinsu, amma ba wanda ya ji.

Allah ya kawo Malam. Dattijo ne mutumin arewa, shi ke ba da karatu a zauren da ke ƙarshen layin, shi ke jan mu salla in liman ba ya nan. Hausarsa da karin Fillanci take fita. Bai ɗaga murya ba. Ya ratso mutane da sandarsa ya tsaya a gabana, bayansa yana taɓa ƙirjina.

"Wanda zai sake dukansa, ya fara da ni," ya ce. Ya maimaita da Fillanci, ya sa wani ya faɗa da Faransanci. "Me ya sata? Wa ya ga abin da ya sata?"

Maigidan ya matso yana haki.

"Allah gafarta Malam, ba sata ba ce. Abin ya fi sata. Iyalina yake ɗauka a hoto daga sama."

"To maganar iyali ba a yin ta a titi. Kai da shi ku biyo ni. Sauran kowa ya kama gabansa."

Ba su watse ba. Suka biyo mu har ƙofar zaure suka tsaya, ina jin hayaniyarsu ta cikin ƙyauren da Malam ya tura. A ciki akwai buzu da alluna jingine da bango, da kaskon gawayi da butar shayi a kai. Na durƙusa.

"Tela," in ji Malam, "kafin kowa ya taɓa abin nan, gaya min gaskiya. Matar bawan Allah nan tana ciki?"

A nan ne tsoro ya fi kama ni, fiye da lokacin dutse. Da zan ce a'a, wataƙila Malam ya yarda, don ya san ni tun ina yaro. Amma maigidan zai ce a buɗe.

"Tana ciki, Allah gafarta Malam."

Maigidan ya yunƙuro. Malam ya tare shi da sanda.

"Zauna, Alhaji. Ci gaba, tela."

Na faɗi komai, tun daga ciwon ido har zuwa ɗan tsako. Na rantse ban san da mutum a wurin ba sai da na ji ihu. Malam ya tambaye ni ko na kalli hoton. Na ce na kalla, kallo ɗaya. Ya ce shi ba zai duba ba, ba kuma wanda zai duba sai mijinta. Ya juya fuskarsa bango.

Na miƙa wa maigidan kyamarar, na nuna masa inda zai danna ya koma baya. Na ce ya fara daga farko. Ya yi ta dannawa: shirwa a reshe, shirwa a sama, hankaka a kan eriya, tsattsewa a waya, shirwa, shirwa, sama fili inda na kuskure ta. Ya daɗe yana wucewa, numfashinsa yana sauka a hankali. Sai ya iso na safiyar. Na gane ya iso don yatsansa ya tsaya. Guda shida ne. Ya kalle su ɗaya bayan ɗaya, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Na ga tsuntsayenka," ya ce, bai dube ni ba. "Na yarda ba ita ka hau nema ba. Amma wata biyu kana kwance a saman gidana. Wata biyu! Ita ta san haka? Ni na sani? Na kawo 'yar mutane garin da ba ta san kowa ba, na ce mata nan cikin gida ba mai ganinta."

Gaskiya ya faɗa. Na ce ya yafe min, zan goge su a gabansa.

"Ban yarda da gogewa ba. An ce ana dawo da su. Ciro min abin da suke ciki."

Na ciro ɗan katin na ba shi. Duk abin da na ɗauka tun ranar da na sayi kyamarar yana ciki, ban taɓa juye shi a wani wuri ba. Ya ɗaga butar shayin Malam ya jefa katin a garwashi. Ya lanƙwashe, ya yi wari, muna kallo mu uku. Wallahi a lokacin ban ji zafin asarar ba, sauƙi ma na ji.

Malam ya sa na yi alkawarin ba zan sake hawa benen ba. Ya fita ya gaya wa mutane an sasanta, ba ɓarawo ba ne, kuskure ne. Duk da haka bai bar ni na fita ni kaɗai ba, da kansa ya raka ni har gida, ina lalube saboda ba tabarau.

Matata ta riga ta ji. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta dafa ruwa ta gasa min kunne, hawaye yana zuba a kan hannunta.

Kwana huɗu ban buɗe shago ba. Da na buɗe kuma, duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofa sai gabana ya faɗi, in ɗauka takardar kira ce daga komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ko wani ɗan'uwan matar ne ya zo. Ba wanda ya zo. Amma masu kawo ɗinki sun ragu, mata ma suka daina aiko da na 'ya'yansu. A masallaci nakan tsaya a sahun ƙarshe kusa da ƙofa. Labarin ya yi ta canza kama a unguwa, har na ji an ce ana sayar da hotunan matan aure a ƙasar waje, ni ne wakili. Kyamarar na naɗe ta a tsumma na tura ƙarƙashin gado. Ko inuwar shirwa ta gifta a ƙasa sai in ji ƙirjina ya buga.

Bayan sati biyu na roƙi matata ta je ta ba matar haƙuri a madadina. Ta je da sabulu da turare. Da ta dawo ta zauna a bakin gado.

"Sun rufe tsakar gidan da tampol, Baban yara. Gaba ɗaya. Da rana ma sai ka ce magariba. Kajin ma ta sayar."

"Me ta ce?"

"Ta karɓi kayan. Ta ce Allah ya kiyaye gaba. Ta ce da can wurin nan kaɗai take zama ta sha iska."

Wannan magana ta fi marin zafi, kuma ba ni da yadda zan gyara ta. Da mijin mun koma gaisawa daga baya, sama-sama. Da shekara ta zagayo suka tashi suka koma unguwar Nkomkana, ban san ko saboda ni ba ne.

Sai da aka yi wata biyar kafin na koma wurin Papa. Na ba shi labari, ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau ya murza ido.

"Laifina ne rabi," ya ce. "Na koya maka neman ido, ban koya maka duba bayan tsuntsu ba. Kafin ka danna, ka dubi kusurwa huɗu na hoton. Tun kafin tsuntsu ya zo ma, ka san iyakar inda gilashinka zai sauka, in ya wuce nan ka ƙyale shi ya tafi. Kuma kada ka ɓuya wa mutane. Tsuntsu ake ɓuya wa."

Shi ya ba ni shawarar zuwa Etoudi, can bayan kasuwar shanu, inda balbelu ke bin garke a fili, ba katanga ba tsakar gida. Ranar farko da na je, na fi rabin awa a tsaye da jaka a rufe, na kasa buɗewa. Daga baya na je wurin wasu makiyaya da ke zaune a gindin bishiya, na yi sallama, na fito da kyamarar a gabansu, na ce balbela nake so in ɗauka, ko da damuwa? Babbansu ya dube ni, ya dubi abokansa, suka fashe da dariya. Ya ce in dai balbela ce, in ɗauka har in gaji, amma kada in tsorata masa shanu.

Na tsuguna a cikin ciyawa, don Papa ya ce hoton tsuntsun ƙasa daga ƙasa ake ɗaukarsa, ido da ido. Wata balbela ta sauka kusa da ƙafar wani farin sa. Na duba bayanta, ciyawa ce da laka. Na duba dama da hagu. Na sake waiwayawa bayana, na ga ba kowa sai makiyayan nan suna shan shayi. Na fara dannawa, amma hotunan ranar duk sun fito a karkace, ba ko ɗaya da Papa ya yarda da shi. Na nuna wa dattijon makiyayan kafin in tafi, ya ce farin san nan ya fito da kyau, in dawo ranar kasuwa in ɗauki sauran.